Uban da Ya Nemi Wa'azin Korar Ɗansa

Akwai wani mutum manomi, sunansa Irimiya, dattijo ne a ikilisiyar garin da ya zauna tun bayan aurensa. Mutum ne mai tsare mutuncinsa ƙwarai. In ya shigo majami'a ran Lahadi, yara sukan yi tsit tun yana bakin ƙofa. Yana da ɗa saurayi, Filibus, wanda ya faɗa cikin shaye-shaye.

Wata Asabar ana ɗaurin aure a majami'a, sai ga Filibus a buge. Ya yi karo da bencin mawaƙa, ya zube a gaban amarya, ya yi amai a wurin. Baƙi suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto. Ga shi kuma zaɓen dattawa ya kusa, sunan Irimiya na cikin waɗanda za a sāke zaɓa. Irimiya ya koma gida cike da fushi, ya ce wa matarsa Rahila, "Yaron nan ya gama zama a gidana."

Rahila ta durƙusa ta ce, "Maigida, ina za shi? In ka kore shi, waɗanda suka koya masa sha su ne za su karɓe shi."

Ya ce, "Su karɓe shi."

Ta ce, "To, nuna mini inda Allah ya ce ka yi haka, ni kuwa zan yi shiru."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ikilisiyoyin gundumarsu suna da shafi a intanet, inda matasa suka tara wa'azi iri iri, har da na tsofaffin kaset da suka tattaro daga ƙauyuka. A saman shafin akwai ɗan fili inda mutum zai rubuta abin da yake nema, sai a jero masa duk wa'azin da ya shafi wannan magana. A dā Irimiya yakan ce wasan yara ne. Ranar kuwa, da yatsa ɗaya, yana ɓata yana gyarawa, ya rubuta: ɗa mai taurin kai.

Wa'azi suka fito rututu. Duk wanda ya ga an sa gafara ko haƙuri a sunansa, sai ya yi tsaki ya wuce. Can ƙasa ya ga wani an rubuta masa, Sa'ad da ɗa ya kunyata gidan ubansa. Ya ce, "Yauwa!" Bai saurara ba, ko kaɗan. Sunan mai wa'azin yana nan a ƙasa da ƙananan haruffa, amma tabaransa na ɗaki, shi kuwa ba shi da haƙurin tashi ya ɗauko.

Washegari bayan an tashi sujada, ya kira dattawa biyu, ya kira yayarsa Damaris. Maza suka zauna a kujeru a tsakar gida, mata a tabarma, Filibus kuwa a ƙasa, kansa a sunkuye. Irimiya ya ce, "Ba ni zan yi magana ba, kada a ce zafin zuciya ne. Ku ji daga bakin bawan Allah." Ya ƙure ƙarar wayar, ya danna.

Da fari shuuu kawai aka ji irin na tsohon kaset. Sai wani tsoho ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, "Salama a gare ku, 'yan'uwana."

Damaris ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo! Baba!"

Muryar mahaifinsu ce, mai bishara a ƙauyensu, wanda ya rasu tun Filibus yana goye. Wa'azi ne da ya yi a tsufansa, a wani taron masu bishara da aka gayyace shi. Irimiya bai taɓa sanin an ɗauka ba.

Muryar ta ce, "Ba labarin wani zan ba ku ba, nawa ne. Ɗana Irimiya, yana saurayi, ya sha burukutu ya ƙoshi, ya zauna a bayan majami'a yana shan taba. Rufin ciyawa ya kama wuta. Majami'ar da muka gina da hannunmu ta ƙone ƙurmus, shi kuma ya gudu."

Dattawan nan biyu suka dubi juna baki buɗe. A garin nan ba wanda ya san wannan labari, ko Rahila ba ta sani ba. Irimiya ya wawuri wayar zai kashe, ya rasa inda zai danna. Damaris ta riƙe masa hannu ta ce, "Bar shi ya gama. Baba ne ke magana."

Muryar ta ci gaba. "Shugabanni suka kira ni suka ce, ko ka sallama yaron nan, ko ka ajiye aikin bishara, ba za a haɗa biyu ba. 'Yan'uwa, ina ƙaunar aikin nan kamar raina. Amma na ce a zuciyata, masu wa'azi suna da yawa, in na sauka za a aiko wani. Irimiya kuwa uba ɗaya gare shi. Na ajiye aikin, na je na same shi a tashar mota yana dako, na kawo shi gida. Har yau bai san abin da ya sauke ni ba. Ina roƙonku, kada kowa ya faɗa masa."

Irimiya ya saki wayar. Gobarar ya san da ita, binne ta kawai ya yi. Amma saukar mahaifinsa, shi duk zatonsa gajiya ce. Ya taɓa tambayarsa, tsohon ya yi dariya kawai ya ce, "Noma nake sha'awa yanzu." Irimiya ya juya wajen yayarsa ya ce, "Yaya, gaskiya ne?"

Ta ce, "Gaskiya ne. Ni na wanke rigar wa'azinsa, na ninke, na sa masa a akwati. Bai ƙara sa ta a ƙauyenmu ba."

Filibus ya ɗago kai, karo na farko a ranar, ya ce, "Baba, kai ne ka ƙone majami'a?"

Irimiya ya ce, "Ni ne." Hawaye suka bi gemunsa. Sa'an nan ya ce wa dattawan, "Ku cire sunana daga zaɓen." Ya sauka daga kujera, ya zauna a ƙasa kusa da ɗansa, ya ce, "Ba inda za ka."

Ba zan ce muku Filibus ya bar sha a ranar ba. An sha fama, ya tashi ya faɗi, ya sāke tashi. Amma duk faɗuwar da ya yi, a gidan ubansa ya yi ta.

Ga ma'anar misalin nan. Filin nan da ake rubuta abin nema a shafin ikilisiya abu ne mai kyau, ni ma ina amfani da shi, ku ma ku yi. Amma abin da ka rubuta shi zai kawo maka, bai san abin da ke zuciyarka ba. Irimiya bai je neman nufin Allah ba. Ya riga ya yanke hukunci, mai goya masa baya kawai yake nema, shi ya sa ya tsallake gafara da haƙuri yana tsaki. Mu ma haka muke yi, kada mu yi musu. Mukan nemo wa'azi a kan tsegumi mu tura wa maƙwabciya, mu nemo na biyayya mu tura wa matanmu, mu kuwa ko farkonsa ba mu ji ba. Abin kunya ne, yana kuma ba ni haushi, domin Maganar Allah abinci ce, mu kuwa mun mai da ita sanda. Duk wa'azin da ka samo, kai za ka fara saurara, har ƙarshe, kafin ka kunna wa wani.

Tsohon nan da ya ajiye aikinsa yana nuna mana Ubangijinmu Yesu, wanda ya bar ɗaukakarsa ya sauko ya neme mu a inda muka gudu. Irimiya kuwa mu ne, ni da ku. Mun zauna a kujerun gaba har mun manta akwai abin da muka ƙone, akwai kuma wanda ya sha wahala dominmu ba mu sani ba. Kai da ba a kore ka ba, wa kake shirin kora?