Sarkin Ruwan Da Ya Zauna Zuciyarsa Na Tsaye

Ku matso jikokina, wannan taku ce, musamman masu saurin baki a cikinku.

An yi wani Sarkin Ruwa a wani gari na bakin gulbi, sunansa Nomau. A al'adar garin, ranar su, wato ranar da kowa ke faɗawa ruwa kamun kifi, ba mai tsoma ko yatsa sai Sarki ya ɗaga hannu an buga bindiga. Wata shekara jama'a sun yi sahu a gaɓa, baƙi sun zo daga nesa, sai wani maharbi can cikin daji ya harbi zabo. Wani masunci, Arzika, ya ji ƙara ya zaci ita ce, ya daka tsalle da ragarsa. Mutane suka bi shi ɗuu. Aka bar Sarki tsaye bai ko ɗaga hannun ba, baƙi na dariya ƙasa-ƙasa.

Aka kawo Arzika jiƙe sharkaf. Idon Nomau ya yi jawur. Sai ya tuna karatun liman, cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hori mai fushi in yana tsaye ya zauna. Ya zube a kan buzu ya ce, "Ku shaida na zauna, na bi sunna. To, a ƙone jirginsa da ragarsa, ya bar mini gari kafin la'asar."

Ku ji fa! Jirgin da mutum ke ci da iyali. Har an tara kara an kunna wuta.

Sai ga Gwaggo Tumba, ƙanwar mahaifin Sarki, wadda ta goya shi, ta ratsa taro da sandarta. Ta ce, "Ran Sarki ya daɗe. Kai Nomau, wa kake wa wayo da wannan zaman? Allah? Kada ka zama Ige maginiya."

Sarki ya ce, "Me ya sami Ige, Gwaggo?"

Ta ce, "An yi wata mai ginin tukwane, Ige, ita da ƙanwarta Yalwa suke aiki. Rannan Yalwa ta yaye tokar gashi tukwane ba su huce ba, iska ta buge su, suka tsattsage, aikin wata guda. Ige ta taso kamar ta cinye ta. Sai ta tuna an ce mai fushi ya yi alwala. Ta figi buta ta tsuguna gindin randa, tana kurkure baki tana cewa, 'Sakarya, bari in gama.'

"Wani kwaɗo da ke shan sanyi a wurin ya ce, 'Baiwar Allah, kina kurkure baki kina zagi, me kike wankewa? Ina jiye miki abin da ya sami raƙumin fatake.'

"Ige ta ce, 'Faɗi da sauri, ina da wadda zan ci wa mutunci.'

"Kwaɗo ya ce, 'Wasu fatake sun sauka a wata rijiya mai zurfi tsakiyar hamada, raƙuminsu ke jan guga. Mai shi ya tsula masa bulala ba laifin komai. Raƙumi ya taɓa jin cewa mai fushi ya yi ƙasa, sai ya durƙusa. Yana nan durƙushe, zuciyarsa na tafasa, ya kama igiyar gugan ya tauna har ta tsinke. Guga ya faɗa rijiya. Kwana uku ba ruwa, jakuna suka mutu, aka yanka raƙumin aka sha ruwan cikinsa. Gwiwa ce ta durƙusa, baiwar Allah, haƙori bai durƙusa ba.'

"Ige ta watsa wa kwaɗo sauran ruwan buta. Ta fita hannu na ɗiga, ta dubi ƙanwarta ta ce, 'Wallahi ba ni ba ke har abada.' Yalwa ta ɗaure kayanta ta bi ayari. Fushin Ige bai kai magariba ba, rantsuwar kuwa ta kai shekara goma sha ɗaya. Da ta yi kaffara ta tafi neman ta, kabari aka nuna mata."

Gwaggo Tumba ta buga sanda a ƙasa. "Ige ta wanke gaɓoɓi ta bar harshe. Kai kuma ka zauna da ƙugu, zuciyarka na tsaye ƙiƙam. An ce ka zauna don ka huce, ba don ka ji daɗin yanke hukunci ba. An ce ka nemi tsari daga Shaiɗan, ka nema? An ce ka yi shiru, ka yi? Ko tambayar bawan Allahn nan ba ka yi ba. Baƙi sun yi maka dariya, shi ke nan sai yaransa su kwana da yunwa? Tir! Ba haka na goya ka ba."

Nomau ya sunkuyar da kai, leɓensa na motsi yana neman tsari. Can ya ɗago ya ce, "Arzika, me ya kai ka ruwa?"

Arzika ya ce, "Ranka ya daɗe, bindiga na ji. Wallahi na zaci taka ce."

Mutum uku suka ce su ma sun ji, daga daji ta fito.

Sarki ya ce, "Gaskiyarki, Gwaggo. Astagfirullah. Ku kashe wutar nan, ku mayar masa da jirginsa ruwa."

Arzika ya faɗi yana godiya yana kuka. Gwaggo Tumba ta zungure shi da sanda ta ce, "Tashi, mai kunnen tsiya. Kamun kifi bai tashi ba tukuna, je ka kamo wa yaranka na miya."

Iyakarta ke nan, jikokina. Wanda ta taɓa ya gyara.