Yatsan Gwamma

A zamanin da dajin Rafin Kunkuru bai san gatari ba, wani maharbi mai suna Tunau ya shige shi da maharba shida da matarsa Gwamma, gwanar saƙar asabari. Kirarinsa shi ne: Tunau mai baƙin kwari, sa giwa sake hanya.

A kwana na tara, da hantsi, wata baƙar ɓauna ta fito daga cikin tukurwa. An ce kibiya uku suka same ta, suka zube kamar an harbi dutse. Ta tattake Tunau, ta karya masa ƙwauri, sannan ta koma bakin rafi ta tsaya tana kallonsu. Hanyar gida ta nan take, ba kuma wanda ya yarda ya bi.

Maharba suka yi ɗori irin na lokacin, suka naɗe ƙafar da ɗanyar fata. Fata tana bushewa tana matsewa. Kashegari yatsun Tunau suka kumbura, suka yi sanyi, suka soma baƙi. Gwamma ta taɓa su, ta tuna haka ƙafar wanta ta yi kafin a binne shi.

Ta ɗauko wuƙa za ta yanke fatar ɗorin. Jatau, babban maharban, ya gargaɗe ta cewa in ƙashi ya goce, alhakin ran mijinta yana wuyanta.

Tunau ya ce, "Yanke, Gwamma. Na daina jin ƙafar."

Ta yanke fatar. To, sabon ɗori sai da tukurwa, babu kuwa tukurwa sai inda ɓaunar take. Gwamma ta tafi ita kaɗai, ta sari bakwai tana jin hucin dabbar a ƙeyarta, ba ta waiwaya ba. Ta tsaga su, ta saƙa kamar asabari, ta shimfiɗa audugar rimi a ciki. Da ta ɗaure ƙafar, sai ta bar wurin da yatsa zai shiga. Safe da yamma tana zura yatsa, tana tsoron abin da za ta taras.

Bayan kwana uku yatsun suka yi ɗumi. A rana ta arba'in Tunau ya miƙe da sanda, ɓaunar ta juya, ba a ƙara ganinta ba.

Ɗingishi ya raba shi da farauta, sai suka kafa bukkoki a nan. Garin ne ake kira Ɗorawa. Har yau maɗorin garin ba ya sallamar mai karaya sai ya zura yatsa tsakanin tukurwa da fata, ya ce, "Na Gwamma ya shiga."