Macijin Jannat da Injiniya Rabi'u

Akwai wani injiniya a unguwar Whalley Range, can ƙasar Turawa, mai suna Rabi'u, mutum ne da bai iya cewa "ban sani ba." Ƙaramar 'yarsa Jannat tana kiwon macijin nan mara dafi da Turawa ke kira corn snake. Shekara huɗu tana lallaɓa shi cikin akwatin gilashi.

Da aka tura ta aikin koyo na sati shida a Birmingham, gidan da ta samu ba a yarda da dabba. Dole ta bar wa babanta.

"Daddy, ya kusa yin saɓa," in ji ta. "Please ka riƙa duba ɗan agogon danshin nan, kada ya sauka ƙasa da hamsin. Ka fesa wa gansakukar da ke ɗan ɗakinsa ruwa."

Ya yi dariya. "Ni za ki koya wa maciji? A ƙauyenmu cikin rana tsaka suke rayuwa, wa ke fesa musu ruwa?"

Tana tafiya sanyi ya shigo. Kun dai san mutanenmu da hita, sai an ƙure ta. Rabi'u ya ja akwatin jikin radiator, ƙarfen nan mai ɗumama ɗaki, ya kwashe jiƙaƙƙiyar gansakuka ya zubar, wai ƙazanta ce.

Agogon ya sauka ashirin da biyar. Macijin ya kasa zama, ya yi ta goga jiki a gilashi. Tsohuwar fatar ta fita guntu-guntu, saura ta maƙale a wutsiya ta shaƙe ta kamar zobe.

Hankalin Rabi'u ya tashi. Ya shiga ɗakin da akwatin yake, ya fito, ya koma. A ofis ma ya kasa aiki.

Matarsa Turai ta ce, "Baban Jannat, don Allah kira ta mana."

"Zai ware, it's normal."

Kullum Jannat ta bugo waya sai ya ce lafiya lau. Wallahi wannan ya fi ba ni haushi, domin fesa ruwa kawai za ta ce ya yi.

Ranar da ta dawo, kan wutsiyar ya riga ya bushe ya yi baƙi. Likitan dabbobi ya ce jini ya daina zuwa wurin, sai an yanke.

A mota Jannat ta rungume akwatin tana hawaye. Rabi'u ya fara kame-kame.

Ta ce, "Daddy, ban ji zafin kuskuren ba. Sau goma sha ɗaya na tambaye ka, kana ce min lafiya lau. Yanzu in ka ce min Mummy tana lafiya, ta yaya zan yarda?"

Rabi'u ya ci gaba da tuƙi har suka isa gida.

Darasi: In an ba ka amana, bi bayanin mai ita ko da ɗan cikinka ne, in abu ya lalace kuma ka faɗa da wuri. Ku tura wa iyaye da 'yan uwa su ma su karanta.