Bayan Rigar Alƙali

Baba, Allah ya jiƙanka, yau na tuna ranar da Alhaji Tanimu ya maka ka a kotu, wai shi ya yi rajistar dabarar liƙa wa mota kyamara a baya, wadda kake yi a garejinka.

Ka ce, "Ai ko wawa zai yi tunaninta."

Alƙali ya ce, "Kawo wanda zai yi ba a koya masa ba, ko in rufe garejinka."

Ka ce, "Ranka ya daɗe, tsuntsu ya ɓata bayan rigarka."

Ya waiga bai gani ba, sai ya miƙa wayarsa baya ya ɗauki hoto.

Ka ce, "Alhaji, ga wani ya saci dabararka!"

Garejin yana nan, Baba. Ni ma baya nake ta kallo, ban dai faɗa wa kowa ba tukuna.