Mijin-ta-ce

A wani ƙauye kusa da Bunkure an yi wani manomin rani mai suna Datti. Allah ya ba shi kai. In ganyen tumatir ya murɗe, shi ake kai wa ya faɗi cutar. Aibinsa ɗaya ne: ba ya jure a yi masa dariya.

Wata shekara wani baƙo ya kawo maganin feshi kasuwar Kura, a jarka, ba suna ba takarda, wai yana kashe tsutsa nan take. Datti ya shinshina, ya ji warin maganin ciyawa. Da ya gaya wa matarsa Saude, ta ce, "To Malam, kar ka taɓa shi."

Washegari a majalisa abokinsa Dogo, wanda ya riga ya saya, ya tambaye shi ina tasa jarkar.

Datti ya ce, "Ban yarda da shi ba. Ko mai ɗakina ma ta ce..."

Bai ƙarasa ba aka fashe da dariya.

Dogo ya ce, "Ashe da mijin-ta-ce muke zama! Je ka tambayo ta ko ta yarda ka sha ruwa."

Datti ya miƙe, ya karɓi jarkar Dogo, ya goya famfon feshi, ya feshe gonarsa kaf a idon jama'a. Ganin Datti ya fesa, kowa ya fesa. Har Gwaggo Adama, ƙanwar mahaifinsa, wadda da 'yar gonarta guda take ciyar da jikokinta marayu.

Kafin mako ya zagayo, tumatir ya ƙone tun daga bakin kwalbati har titi.

Dogo ya tare Datti a hanya, ya ce, "Mu fa kai muke jira. Da ka sake cewa a'a, da mun zubar."

Da la'asar Gwaggo Adama ta shigo gidan Datti, ta ajiye busasshen tushen tumatir a gabansa.

"Datti, ka sani ko ba ka sani ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na sani, Gwaggo."

Ta ɗauki sandarta ta fita. Datti bai sake zama a majalisa ba.

To ku ji ni da kyau. Ilimin da dariya ke iya kayarwa bai tsaya da ƙafarsa ba. Dariyar majalisa ba ta wuce yini, amma kunyar "na sani" har kabari ake tafiya da ita. In kun san gaskiya, ku tsaya a kanta, domin ba ku san wanda yake kallonku yana bi ba.