Kaza da Baƙon Tungar Ƙaya

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To ku matso, ku bar mintsinin juna.

Wata Kaza ce wake-wake, tana zaune a birni, ƙarƙashin rumfar masu awo. 'Ya'yanta uku, su ke nan gare ta a duniya. Zaman birni kuwa ya ishe ta. Tsaba sai an yi kokawa da tattabaru. Jakuna su wuce, ta kwashe 'ya'ya. Amalanke ya wuce, ta kwashe 'ya'ya. Ba mai ce mata sannu.

Ran nan sai ga Gizo.

"Uwar 'ya'ya, kin rame."

"Ina zan yi ƙiba a garin nan?"

"Ki koma Tungar Ƙaya mana, can bayan rafi, inda hanya ta ƙare. Gero a ƙasa ba mai tsinta. Ba ɓarawo. Kowa ya san kowa."

"Akwai kasuwa?"

"Ko alamarta babu."

Kaza ta ce, "Alhamdu lillahi, na huta da hayaniya." Ta tasa 'ya'yanta a gaba, sai Tunga.

Gizo fa bai yi ƙarya ba. Tabawa, matar mai gari, ta ba ta akurki sabo. Gero har Kaza ta ture. Da safe kowa ya wuce sai ya ce, "Ina kwana? Ya yara uku?" Kaza ta yi ɓul-ɓul, 'ya'ya suka girma. Damina ta sauka, rafi ya cika, hanya ta yanke.

Sai Gizo ya tsallako a kan zarensa.

"Salamu alaikum! Baƙo ne daga birni!"

Aka shimfiɗa masa tabarma. Tabawa ta zo bakin akurki ta durƙusa.

"Uwar 'ya'ya, mun yi baƙo. Garin nan ba mahauci, kin sani. Mu kuwa ba ma ba baƙo miya lami."

"To ni me zan yi?"

"Da kika zo, wa ya hana ki gero? A nan abin kowa na kowa ne."

Ta miƙa hannu ta ɗauki babban ɗan Kaza. Kaza ta ji ƙamshin miyar daga inda take kwance, ta yi ta kuka:

"Na ci geron Tunga,
geron Tunga ya ci ni."

Ba a jima ba, sai ga sallamar Gizo kuma. Kaza ta yi wuf ta tura na tsakiya ƙarƙashin rumbu. A birni da ya shige cikin taro ya ɓace. Amma nan fa Tunga ce. Maƙwabciya ta leƙo ta kan danga ta ce, "Tabawa, in na tsakiyan kike nema, ga shi can ƙarƙashin rumbu." Ba da mugunta ta faɗa ba, wallahi, taimako ta ga ta yi. Aka jawo shi. Kaza ta sake waƙarta, muryar ta dushe.

Karo na uku, da Kaza ta ji sallamar Gizo, ta ja autan ta ruga bakin rafi. Ruwa na ta tafiya da itatuwa. Kaza ba ta iyo, ba ta tashi. Nan Tabawa ta same su.

Kaza ta ce, "Inna Tabawa, don Allah ki ɗauke ni, ki bar min shi."

"Haba, ke da kika tsufa? Namanki tauri. So kike baƙo ya tafi da mu a baki?"

Ta ɗauki autan.

Kaka, ba wanda ya hana?

Wa zai hana? Duk garin sun ga daidai aka yi.

Gizo ya ci ya ƙoshi, ya fito yana sakace. Kaza ta tare shi.

"Gizo, me na yi maka?"

"Ba ki yi min komai ba. A birni na yi ta sallama har na gaji, ko ruwa ba a ba ni ba. Nan kuwa mutanen kirki ne. Kaji kawai suka ƙare musu."

Ya hau zarensa ya tafi.

Washegari duk garin suka zo yi mata gaisuwa, har da masu hawaye. Kowa ya zo da ƙoƙon gero. Tabawa ta shafa bayanta ta ce, "Sai haƙuri. Daure ki ci, ki samu ƙarfin yin ƙwai."

Kaza ta dubi geron nan ta dubi rafi. Yunwa ta matsa mata. Ta sunkuya ta ci.

Shi ya sa har gobe, in baƙo ya yi sallama a ƙauye, kaza ba ta tsayawa ganin ko wane ne, sai ta kwashi 'ya'yanta ta yi bayan gida. Ku kuma in aka yaba muku wani gari, kada ku tsaya kan abin da za a ba ku. Ku tambayi abin da za a karɓa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ta ƙare ke nan.