Tsutsa Mai Aron Turmi

Ku matso kusa. Kai Ɗanliti, cire yatsa daga hanci. To, ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani mutum ne wai shi Barmo, mai dafa mazarƙwaila. In ya dafa, rabi a kai kasuwa, rabi a bakinsa. Ko barcin rana zai yi sai ya cusa dunƙule a kumatu. Asuwaki kuwa, da shi yake susar baya. Yana da rago da yake kiwo tun bara, ba abin da yake jira a duniya sai ranar layya ya tauni nama.

Ran nan yana kishingiɗe a zaure, sai ga tsutsa, 'yar mitsitsiya, da ƙwaryarta a ka.

Ta ce, "Salamu alaikum, maigida. Aron turmi na zo."

Barmo ya ɗauka turmin matarsa Ige take nufi. Ko ido bai buɗe ba ya ce, "Shiga ki ɗauki wanda ya yi miki."

Sai ya yi hamma. Sai ta shige. Ashe turmin baki take nufi, wannan ƙaton haƙorin na can ƙurya da kuke taunar gyaɗa da shi.

Ta tarar da shi dam da mazarƙwaila. Sai ta rarake shi, ta kirawo 'ya'yanta mata, aka hau daka. Dum, dum, dum, har da lugude. Kumatun Barmo ya kumbura kamar ya ɓoye gwanda.

Ige ta ce, "Malam, ga asuwaki."

Ya ce, "Ina mutuwa kina zancen itace? Kawo kanumfari."

Ya tura a ramin. Sai aka ji murya daga ciki: "Madalla, maigida. Da ma dakan kunu muke, kayan ƙamshi ne babu."

Ige ta ce, "Malam, ga asuwaki."

Ya ce, "Kawo ruwan ɗumi da gishiri."

Ya kuskure baki. Sai muryar ta ce, "Allah ya saka da alheri. Yara, ku zo ku yi wanka kafin ya huce."

Ige ta ce, "Malam, ga..."

Ya ce, "Kira mini wanzami."

Wanzami ya zo, ya taka ƙirjin Barmo, ya sa awartaki, ya fizge turmin. Suka leƙa ciki, wayam.

Tsutsa ta ce, "Mun ji ana taɓa ƙofa, sai muka koma na kusa. Ai kai ka ce in ɗauki wanda ya yi mini."

Haka aka yi ta yi. Wanzami na cirewa, suna ƙaura, Barmo na ƙara musu mazarƙwaila. Har ya rage haƙori ɗaya tal, turmi a sama.

Ranar jajibiri ya dubi ragonsa, ya lashi bakinsa, ya ce a hankali, "Ige, ina itacen nan?"

Ya goga, ya goga. Sai ga tsutsa ta fito tana tari, kaya a ka, 'ya'ya a baya. Ta ce, "Mu ba ma zama inda ake shara. Sai wata rana."

Gari ya waye, aka yanka rago, Ige ta soya. Barmo ya zaɓi tsoka mai kitse ya jefa a baki. Turmi ya sauko da ƙarfinsa, bai tarar da kowa a ƙasa ba sai dasashi. Ya juya naman dama, ya juya shi hagu, har aka kira la'asar. Sai ya ciro shi ya miƙa wa kyanwa, ya zauna yana kallon yadda take taunawa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta ƙare.

Wanda ya sha zaƙi ya goge baki tun haƙoran suna nan. Tsutsar kuwa har gobe tana bin gidaje, kuma sababbin turame ta fi so. Ɗanliti, zo nan ɗan albarka, buɗe bakin nan in gani. Uhm. Wari kamar kasuwar kifi. Tashi ka ɗauko asuwaki.